Ajiyar da Muka Ba Ƙasa

Shekara goma sha tara na yi a sashen rini
a Kakuri, zamanin da jiniyar masaƙa ke riga ladan tashi.
Na san hanyar da ruwan ke bi in mun gama da shi:
Litinin shuɗi, Laraba ja kamar kwatar mahauta,
ya gangaro ta bayan layinmu yana tururi,
yara na tsallake shi da ƙafa ɗaya.
Ba wanda ya tambayi inda zai kwana.

Yanzu masaƙa ta yi shiru,
cediya ta leƙo ta tagar ofishin manaja,
ni kuwa na zama manomin taku goma sha biyu
tsakanin katanga da rijiya.
Alayyafo, yakuwa, kuɓewa layi biyu,
da tumatir guda da ya fito don kansa a wurin wanke-wanke.
Ganye kore shar, har yana baƙi-baƙi.
Maƙwabta kan ce, "Malam Tanimu, hannunka da albarka."
In tsinka musu, in ƙara da gyara.

Sai Hansatu ta zo hutu daga makaranta.
Ta durƙusa, na ɗauka gaisuwa ce,
ashe tono take da tsohon cokali.
Ta ci karo da murfin batir, ya yi fari, yana marmashewa.
"Baba, kafin mu wa ke nan?"
Na ce Gambo mai caji, Allah ya jiƙansa,
nan yake tuttular da ruwan in ya mutu.

Ta ƙulle ƙasa a leda uku,
ta rubuta musu suna kamar masu jiran likita:
gabas, tsakiya, gindin rijiya.
Ta ce dalma ba ta wari, ba ta ɗaci,
ba ta hana ganye kyau.

Na ce shekara bakwai ina ci, ga ni tsaye.
Ta ce, "Ba kai nake ji ba."
Na bi idonta:
Nuratu ce, 'yar shekara uku, zaune bisa kunya,
yatsu biyu a baki.
Kunyar da na ja da fartanyata,
ita ce ta tashi ta rufe ni.

Daren nan an yi miyar alayyafo.
Na gutsuro tuwo, na riƙe lomar
har ta huce a hannuna.

Sakamako sai bayan mako uku, in na'urar na aiki.
Kafin nan ta bar mana dokoki a bayan kalanda:
a wanke ganye ruwa uku,
a wanke hannun yarinya kafin komai,
takalmin lambu kada ya shiga ɗaki,
shuka ta koma cikin buhu.
Na je Kujama wurin ƙanena
na auno ƙasa buhu huɗu,
mai Keke yana dariya:
"Tsoho, a garinku ƙasa ta ƙare?"
Ban amsa ba. Ina tunanin
wa ya auna wannan ɗin,
wa ya tambayi latas ɗin kasuwa
wane ruwa ya sha a bakin kogi.

Ba na zagin ƙasar nan.
Ba ta ci amanar kowa ba.
Ajiya muka ba ta, ni da Gambo da manaja,
ta riƙe ba ta taɓa ba,
ga shi tana neman wanda za ta miƙa wa.

Yau kwana goma sha ɗaya.
Irin cikin buhu ya fito da kunne biyu.
Tsohuwar kuɓewa ta ƙosa a jikin uwarta, ta zama itace,
ba mai tsinka.
Amma da la'asar, in ba kowa a tsakar gida,
nakan zuba mata guga ɗaya.
Ƙishirwa dai ba ta san dalma ba.